Tawagar tanis ta maza: me za mu iya a kaka mai zuwa?

Kawun Bahago:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu bin wasan tanis a nan Zariya, musamman waɗanda suka taɓa riƙe raket da sunan jami'a.

Shekara biyu ke nan kusan kullum bayan la'asar ina bakin filin tanis a Samaru. Ni ba ɗalibi ba ne, ɗan ƙanwata nake rakawa, bahagon nan ɗan aji biyu da ke zaune a gidana. Manyan 'yan wasanmu biyu sun gama, sun tafi bautar ƙasa, kuma duk wanda ya san tawagar ya san su ne suka ɗauke ta a ka. Yanzu saura yara shida. Akwai dogon nan mai karatun injiniya, sabis ɗinsa na farko, wato bugun fara wasa, kamar harsashi, amma in ya kuskure, na biyun sai ya lallaɓa ƙwallon kamar mai miƙa ƙwai. Shekaranjiya na ƙirga da kaina, sau tara ya zubar da sabis biyu a jere cikin set ɗaya. Yarona yana da ƙafa, ba ya gajiya, sai dai tsoron zuwa bakin raga yake yi. Sauran huɗun sababbi ne, biyu daga cikinsu ma a nan suka fara wasan.

Ku gaya mini gaskiya, da waɗannan za mu iya tsallake wasannin share fage na shiyya mu kai NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya? Ko dai mu haƙura da wannan kakar? Abin yana hana ni barci, don na ga yadda yaran nan suke haɗa kuɗin abincinsu su sayi ƙwallo.

Tsohon Ɗan Wasa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na san yaran da kake nufi, ina tsayawa in kalle su in na taso daga aiki.

Shawarata ku daina neman wanda zai maye gurbin waɗanda suka tafi. Ba a yin gwanin wasan ɗaiɗai cikin wata huɗu. Amma ana yin gwanayen wasan bibbiyu, kuma abin da ke hannunku ke nan ba ku lura ba. Bahago da dogo mai ƙarfin sabis, wannan haɗi ne da koci ke roƙon Allah ya ba shi. Sabis ɗin bahago yana karkata ne zuwa bayan hannun na-dama, ya fitar da shi waje, sai dogon da ke bakin raga ya tare abin da ya dawo. Yawancin tawagogin jami'o'i ba sa atisayen bibbiyu, ranar wasa kawai suke ɗauko gwanayensu biyu su haɗa, kowa na wasan kansa. Mu a zamaninmu ta nan muke cin waɗanda suka fi mu.

Maganar sabis na biyu kuwa, ba ƙarfi ne ya yi wa dogon kaɗan ba, riƙon raket ne. Yana riƙe shi kamar matankaɗi, don haka ƙwallon ba ya juyawa. Ya koma riƙon gatari, ya riƙa shafar bayan ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, zai ga yana hawa saman raga sosai sannan ya faɗo cikin akwati, wato gurbin da sabis zai sauka. Sati uku na farko zai ji kamar ya manta wasan gaba ɗaya. Ka ce masa kada ya koma tsohon riƙon, ko da yaran da ya saba ci sun fara cinsa.

Kuma a yi wannan gyaran kafin hunturu ya kankama. In iska ta bushe ƙwallo ya fi gudu, ga ƙura a kan siminti tana sa santsi, ba lokacin koyon sabon abu ba ne.

'Yar Kongo:

Baba, na yarda da batun bibbiyu, amma ni abin da na gani ya fi cin mu shi ne rashin wasa da baƙi. Na buga wa tawagar mata. Kullum mutum biyar ɗin nan kake bugawa da su, ka san inda kowa zai aika ƙwallo tun kafin ya ɗaga hannu. Ranar da ka haɗu da ɗan Fatakwal, wanda jami'arsu ta saba zama ta ɗaya a teburin lambobin NUGA, sai ka ga hannunka na rawa tun a wasan ɗumi. Ga shi in a kudu ne, iskar can mai laima ce, ƙwallo ya yi nauyi, zufa ta hana ka riƙe raket.

Kuma kada a manta ɗalibai ne. NUGA ta 2022 a Jami'ar Legas aka yi ta cikin watan Maris, ana tsakiyar yajin aikin malaman jami'a da ya kai wata takwas, kowa yana gidansu. Wanda ya ci gaba da atisaye a garinsu shi ya je da ƙafafunsa. Ku tabbata kowane yaro yana da filin da zai buga in an yi hutu.

Bakano a Sabon Gari:

Kano ba nisa, Yaya. Ku cika mota ɗaya ku kai su gasar tanis ta Dala, ko kallo ne su yi, su ga yadda ƙwararru ke buga sabis na biyu in maki ya tsaya talatin da arba'in, wato saura maki ɗaya a cinye mai sabis. Sannan ku nemi wasan sada zumunci da 'yan Kaduna. Nduka Odizor, ɗan Najeriyar da ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Landan a 1983, ta wasan jami'a ya bi a Houston ta Amurka, inda ake buga wasa da wata makaranta kusan kowane mako. Zan kawo gwangwanin ƙwallo huɗu ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Kawun Bahago:

Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa yaran amsarka jiya a fili, dogon ya gwada riƙon gatari, ƙwallo goma na farko duk a waya suka ƙare, na sha ɗaya ya faɗa cikin akwati ya yi tsalle har kafaɗar yarona. Sun amince Talata da Alhamis bibbiyu kawai za a riƙa bugawa, kuma na gaya wa nawa duk makin da ya ci daga bayan fili ba zan ƙirga masa ba sai ya zo raga. Man motar zuwa Kano ni zan zuba. In kana da hali, Baba, ka leƙo Alhamis da ƙarfe huɗu da rabi ka duba masa hannun da kanka.