Matse bakin bindigar farauta da huda bututunta

Wasu maharba da suka tattauna kan waɗannan hanyoyi biyu sun fi ba cok muhimmanci, wato ɗan bututun da ake ɗaurawa a bakin bindiga don tattara ƙwayoyin dalma. Matsattse yakan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin a da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40, ya dace da tsuntsun nesa. Buɗaɗɗe kuwa na kusa ne, watsuwa yake yi. Shawararsu: kafa takarda, ka harba, ka ƙirga ramukan da idonka. Kada a harba ƙwayoyin ƙarfe ta matsattse, suna iya kumbura bututu.

Hujin bututu fa, wato ƙananan ramukan da ake hudawa kusa da bakin bindiga? Yana ɗan rage ɗagawar baki a lokacin harbi, amma dukan kafaɗa na nan, ƙara kuma ta ƙaru. Ni dai ban ga riba ba.