Zan kai ɗalibaina Baturiya kallon tsuntsaye, wane wata ya fi?

Malamin kimiyya, Daura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Daura. Yaranmu a tatsuniya kaɗai suka san gauraka, babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido, abin nan kuwa yana ci mini rai. Ina so in kai su fadamar Baturiya ta Jigawa. Wane wata ya fi dacewa? Kuma da gaske ne tsuntsayen sun ragu?

Mai saro kifi, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Can nake saro banda. Ku je da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun sauka. Ku kwana a Haɗeja, ku fita ana idar da asuba. Za ku tarar da gabaruwa tsaye cikin ruwa, zalɓe ya kafa ƙafa a bakin gaɓa yana dakon kifi, garken kirinjijiya kuma ya tashi da fito a kanku. Akwai dinya ma, babbar agwagwar dajin nan. Amma kada ka yi wa yara alƙawarin gauraka, ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan.

Tsohuwar ma'aikaciyar gandun daji, Katsina:
Ɗana, raguwa kam an ragu, kuma ruwa ne tushen maganar. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda Baturiya ke cikinta, da ambaliyar damina take rayuwa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke ba fadamar ruwa, ambaliyar ta ja baya, ruwa kuma ya koma kwarara kaɗan-kaɗan har cikin rani. Abin da kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya yana cinye wa manoma shinkafa. Ga sarar itace, ga farauta.

An sanya Baturiya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2008, amma takarda ba ta yanke kachala. Ka sa yaran su zauna da masunta su ji da kunnensu. Kuma don Allah, kada yaro ko ɗaya ya shiga da danƙo a aljihu.

Malamin kimiyya, Daura:
Na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Janairu za mu je in sha Allahu. Alhaji mai kifi, kwalekwale ɗaya yara nawa yake ɗauka? Iyaye za su tambaye ni.