Likita ya ba ni takarda in sa hannu a saka ni cikin bincike, gabana faɗuwa yake

Admin: Saƙo ne daga wani ɗan'uwa, ya ce a sakaya sunansa. Mai shawara ya bayar. Masu tallan magani ku yi haƙuri, zan goge.

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 34, shekara biyar da aure, ko ɓatan wata iyalina ba ta taɓa yi ba. Duk tsawon lokacin nan ita ake wa kallon mai matsala. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha rubutu, an yi mata hoton mahaifa aka ce lafiyarta ƙalau. Hajiyarmu kuwa tun bara take yi min zancen ƙarin aure. Daga ƙarshe wata likitar mata ta ce ba za ta ƙara rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba sai ni ma an duba ni. Na je ina jan ƙafa. Gwajin maniyyi ya nuna ƙwayoyin haihuwa miliyan 6 a kowace mililita, aka maimaita bayan wata uku aka samu miliyan 7. Likitan mafitsara ya tsayar da ni a tsaye, ya ce in yi yunƙuri, ya lalubi ɓangaren hagu, ya ce jijiyoyin jinin da ke saman maraina sun kumbura. Barikosil ya kira shi. An sa min ranar aiki wata mai zuwa.

Ina fitowa sai wani matashin likita ya ja ni gefe ya miƙo min takarda shafi huɗu da Turanci. Wai yana bincike a kan masu irin lalurata, yana so in ba da jini da maniyyi kafin aiki, sannan bayan wata uku da bayan wata shida. Ya ce ba dole ba ne. Na ninke ta na sa a aljihu, yau kwana biyar tana cikin aljihun motata. Tsorona kar a mai da ni zakaran gwajin dafi. Kuma maniyyin nan ina za a kai shi? In na ƙi, ba za su yi min aikin da gangan a wulaƙance ba? Sannan har yau matata ba ta san sakamakon ba, na ce mata dai basir ne za a yi min aikinsa. Wasu ƙwayoyin zinc da folik asid masu tsada nake ta sha a ɓoye. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗan Fagge: Kar ka kuskura ka sa hannu. Mu Kanawa wa zai ba mu labarin bincike? A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A yi maka aikinka ka kama gabanka.

Abban Hanif: Ɗan'uwa ka samu mai kemis ya fara yi maka allurar testostiron, wata biyu za ka ga canji. Ni shaida ne wajen ƙarfi.

Likita Mai Fiɗa: Abban Hanif, don girman Allah ka janye maganar nan. Allurar testostiron tana ƙara sha'awa, amma tana hana maraina yin ƙwayoyin haihuwa, domin da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina aika saƙon da ke sa su aiki. Har gwada ta aka yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Mai miliyan 7 in ya yi ta, yana iya komawa sifili.

Mai tambaya, tsoron da Ɗan Fagge ya faɗa yana da tushe, ba zan raina shi ba. Amma ka duba me ake nema a wurinka. Bincike iri-iri ne. Akwai wanda ake ba mutum sabon magani don a ga ko yana aiki, akwai wanda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a a yi wa kowane ɓangare abu daban, akwai kuma wanda ba a canza komai a jinyar mutum, ana dai aunawa ne a rubuta. Yadda ka bayyana, naka ya fi kama da na ƙarshen. Duk likitan da ke neman zama ƙwararre a Najeriya sai ya gabatar da kundin bincike ga kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, kuma ina zaton abin da yaron nan yake yi ke nan. Gwajin bayan wata uku da wata shida kuwa ko babu bincike za a ce ka yi, saboda ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, babu yadda za a san aikin ya yi amfani sai an jira.

Duk da haka kar ka dogara da zatona. Ka koma ka zaunar da shi. Ka tambaye shi ko akwai wani magani ko wani salon fiɗa da za a yi maka saboda binciken wanda da ba za a yi ba. Ka tambayi wa zai biya kuɗin gwaje-gwajen. Ka nemi ya nuna maka lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma babu binciken da ya halatta a yi a kan ɗan Adam ba tare da sahalewar irin wannan kwamiti ba. Takardar kirki tana ɗauke da lambar wayar da za ka kai ƙara. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, haƙƙinka ne ka tafi da kwafi gida, kuma ko ka sa hannu yau kana iya janyewa gobe ba tare da ka faɗi dalili ba. In wani ya nuna maka cewa ƙin shiga zai taɓa ranar aikinka, to wannan shi ne abin kai ƙara.

Abu ɗaya da ba na so ka shiga ɗakin fiɗa da shi: tunanin cewa aiki daidai yake da haihuwa. Kusan namiji 15 cikin 100 yana da wannan kumburin, da yawansu suna ta haihuwa ba su ma san da shi ba. Ana yin aikin ne idan hannu yana iya jin kumburin kuma gwajin maniyyi ya nuna rauni, kamar naka. Mutane da yawa lissafinsu yana tashi bayan aiki, wasu ba ya tashi, ciki kuma na Allah ne.

Ɗan Fagge: Likita ai ku ba za ku taɓa kushe junanku ba.

Likita Mai Fiɗa: Shi ya sa na ce ya nemi lambar kwamiti, ban ce ya yarda da ni ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake, bari in amsa maganar inda ake kai shi. Idan aka kawo mana, muna barin sa ya narke, mu ɗiga kaɗan a gilashi mu duba a madubin likita cikin awa ɗaya, don bayan nan motsin ƙwayoyin raguwa yake. Ragowar a cikin robarsa ake zubar da shi tare da sauran sharar asibiti. Ajiye maniyyi da rai don a yi amfani da shi nan gaba sai an daskarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ba abin da za a yi a firjin ɗakin gwaji ba ne. Amma ka duba takardar, wasu binciken suna da sakin layi daban na neman izinin adana jini ko samfuri. Wannan kana iya cewa a'a, ka yarda da sauran. Kuma ka tambaya ko lamba za a rubuta a jikin robar maimakon sunanka.

Game da lissafinka: a littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, iyakar ƙasa ita ce miliyan 16 a mililita. An samo adadin ne daga mazan da matansu suka samu ciki cikin shekara guda, ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa. Ka kiyaye kwana 2 zuwa 7 ba kusantar iyali kafin kowane gwaji, kuma in ka yi zazzaɓi mai zafi a 'yan watannin nan ka faɗa musu, yana karya lissafi. Masu jin nauyin bayarwa a asibiti, wasu wuraren suna yarda a kawo daga gida in babu nisa, a sa robar a aljihun da ke jikin fata. Kwaroron roba na kanti bai yi ba, yana kashe ƙwayoyin.

Malama Mai Karatu: Ƙwayoyin da kake sha ɗin nan su ma bincike ne ya tona su. A Amurka an ɗauki ma'aurata 2,370, aka ba rabin mazan folik asid da zinc kullum na wata shida, rabi kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Sakamakon ya fito a farkon 2020: babu wani bambancin a zo a gani a ingancin maniyyi ko a yawan haihuwa. Da mazan can ba su yarda an auna su ba, da har yanzu ba mai iya ce maka ka riƙe kuɗinka. Ka dai faɗa wa likitanka kana sha.

Maman Ilham: Kowa yana ta zancen takarda. Ni inda zuciyata ta tsaya shi ne basir. Haba Malam. Shekara biyar baiwar Allah tana haɗiyar maganganu a gidan biki da gidan suna, dangin miji suna kallon cikinta kafin su kalli fuskarta, kai kuma kana riƙe da takardar da za ta wanke ta ka ce mata basir. Ni sai da na shekara bakwai kafin na samu, na san ɗacin kalmar juya. Ita za ta yi jinyarka in an yi aikin, ita za ta lura kana ƙaurace mata kwana uku kafin kowane gwaji, me za ka ce mata a lokacin? Ka faɗa mata kafin ka faɗa wa kowane likita amsarka.

Admin: Na goge saƙo huɗu na masu "kwana bakwai an gama".

Mai tambaya, ta hannun Admin: Na gode 'yan'uwa, Allah ya saka. Na koma jiya. Likitan ya zauna ya karanta min takardar da Hausa layi-layi, ya nuna min hatimin kwamitin, ya ce babu sabon magani, kuma gwajin wata shida su za su biya. Sakin layin adana samfuri yana nan a shafi na uku kamar yadda ɗan'uwa na ɗakin gwaji ya ce, na ce ban yarda da shi ba, ya ja masa layi muka sa hannu a gefe. Sauran na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Maman Ilham, daren jiya bayan isha'i na ajiye mata takardun biyu a kan gado na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, tana ta juya takardar duk da ba ta gane lissafin. Da ta ɗago sai ta ce ranar aikin tare za mu je. Sannan ta ce, "To Hajiya fa, wa zai faɗa mata?" Wannan ce ban samu amsarta ba har yanzu.