Muhawara: ko zafin ƙasarmu ne ke ƙona fis a tsofaffin motocin Turai?

Oga Bala: Ni dai ra'ayina, Turawa sun auna fis ɗin motocinsu da sanyin ƙasarsu. Golf 3 ta shigo zafin Kano, fis mai amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka) yana yawan ƙonewa, a sa na 15 a huta.

Malam Sani Rewaya: Oga, a yi lissafi. Ƙwan fitilar gaba, wato H4, wat 55 ne a ƙaramar wuta. Raba da bolt 12, amfiya 4.6 ke nan. A Golf 3 kowane gefe da fis ɗinsa na 10, mai launin ja. Zafi yana rage juriyar fis kaɗan, amma ba ya cinye rabi. In ya ƙone, akwai dalili. Fis waya yake karewa. Ka ƙara masa girma, wayar ce za ta narke a madadinsa.

Oga Bala: To me ya sa ake ganin fis ya narke ba tare da shot ba, wato wayar wuta ba ta taɓa jikin mota ba?

Usman: Yallaɓai, wannan tsatsa ce ko sakin baki. Ya fi yawa a Mercedes W123 da W124 masu dogon fis mai tsini biyu: fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Bakinsa ya yi tsatsa, wurin ya ɗau zafi, fitila ta riƙa ɗaukewa. A goge da sanfefa, a matse ƙarfen da ke riƙe shi, a sa sabo mai lamba irin ta tsohon.

Malam Sani Rewaya: Sai kuma ƙwan wat 100 da ake sakawa don haske. Ya haura amfiya 8, ga makunni da soket suna gasuwa. Mai son wannan sai ya ja sabuwar waya mai kauri daga batir, da rile (makunnin da ke ɗaukar wuta mai yawa) da fis nata.

Oga Bala: Na yarda da batun ƙwai. Amma shot da ke zuwa yana tafiya fa? Nan ne mutum ke gajiya.

Usman: Cire fis ɗin, ka jona ƙwan wat 21 a gurbinsa, ka cire ƙwayayen layin. In ya haska sosai, waya na taɓa jikin mota. Ka riƙa girgiza wayoyin, musamman inda suke lanƙwasa a murfin but, nan suke gogewa. Inda hasken ya mutu, nan ciwon yake.

Oga Bala: Zan gwada wannan, amma har yanzu ina ganin zafi na da hannu a tsufan robar waya.

Malam Sani Rewaya: Wannan gaskiya ne, Oga. Sai dai maganinsa canza wayar, fis ya zauna a 10.