Wa ya taimaki Angola?

Ɗan Fagge: Jama'a, raina a ɓace yake. Na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa wai a zamanin yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyat duk kanwar ja ce a Afirka. Haba! A Oktoban 1975 sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutso Angola ta kudu, Holden Roberto da mayaƙan ƙungiyarsa ta FNLA suna tahowa ta arewa da goyon bayan Shugaba Mobutu na Zayar (Kwango) da kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, kowa na rige-rigen shiga Luwanda, babban birnin ƙasar, kafin 11 ga Nuwamba, ranar da Fotugal za ta sauke tutarta. Wa ya tare su? Sojojin Kyuba da makaman Sobiyat. 'Yan jari-hujja suna gefen masu wariya, 'yan gurguzu ne suka taimaki Afirka. Mai ja ya kawo hujja.

Bazazzagi: Taimako ka ce? Makaman da aka rubuta musu a kundin bashi? Har Sobiyat ta rushe a 1991 Angola na ɗauke da bashin biliyoyin daloli. Wannan ciniki ne, ɗan'uwa.

Ɗan Fagge: Wanda ya ba ka bindiga bashi ranar da maƙiyi ke ƙofar gidanka bai taimake ka ba?

Bazazzagi: Ya sayar maka dai. Taimako shi ne abin da aka yi don Allah.

Hajiyar Maraɗi: Su da ba su yarda da Allah ba, ina za su yi abu don Allah?

Ɗan Fagge: Hajiya, da girmanki, ba zancen addini muke ba.

Hajiyar Maraɗi: Zancen addini ne mana, ɗana. Shekara kusan goma suna ruwan wuta a Afganistan, daga Disambar 1979 zuwa Fabrairun 1989. Miliyoyin mutane suka yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran. Shi ma taimakon ne?

Tsohon Malami: Ku dakata yara, ni na ga zamanin da idona. Ran 25 ga Nuwamban 1975 gwamnatin Janar Murtala ta amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto, ƙungiyar da Kyuba da Sobiyat ke mara wa baya a Angola, ta kuma ba ta dala miliyan 20. Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da yake so su ɗauka, gwamnatinmu ta fito da wasiƙar fili tare da martani mai zafi. A Janairun 1976 Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya ce Afirka ta girma, ba ta ƙarƙashin kowa. Shigowar Afirka ta Kudu ce ta sa Najeriya ta ɗauki gefe. Ba ƙaunar kwaminisanci ba ce.

Ɗan Fagge: Allah ya ja kwana, Baba. Kun ji ko? Shi ya sa wata guda bayan jawabin aka kashe shi.

Bazazzagi: Kada ka ɗora wa Baba abin da bai faɗa ba. Dimka ne ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu. Ina hujjarka cewa Amurka ce?

Ɗan Fagge: Sai an rubuta maka a takarda? Lumumba fa, firaministan Kwango da aka kashe a 1961?

Bazazzagi: Lumumba daban, Murtala daban. Mu koma kan kalmarka. A 1977 Siad Barre na Somaliya aminin Sobiyat ne. Da yaƙin Ogaden ya ɓarke tsakanin Somaliya da Habasha sai suka juya masa baya suka rungumi Mengistu na Habasha, aka sauke dubban sojojin Kyuba a can, a daidai lokacin da Mengistu ke karkashe matasa a titunan Adis Ababa. Wa aka taimaka a nan, Afirkan Somaliya ko Afirkan Habasha?

Ɗan Kumasi: Somaliya ce ta fara kai hari. Sannan kai Bazazzagi kullum sai ka kare Turawa, ko biza kake nema?

Bazazzagi: Ka iya bakinka. Ban taɓa taka ofishin jakadancin kowa ba.

Ɗan Kumasi: To me ya hana ka ambaci Savimbi, jagoran 'yan tawayen UNITA na Angola? A 1986 Shugaba Reagan na Amurka ya karɓe shi a fadarsa, aka ba UNITA makamai masu linzami na Stinger. Je ka ga mutanen da nakiyoyi suka cire wa ƙafa a Huwambo da Kuwito.

Bazazzagi: Nakiyoyin kowane ɓangare ya binne. Savimbin da kake zagi ma a Sin ya fara koyon yaƙin sunƙuru, ƙasar gurguzu. Kuma ka san su wa suka yi gadin rijiyoyin man kamfanin Amurka a yankin Kabinda na Angola? Sojojin Kyuba. Man na tafiya kasuwar 'yan jari-hujja, kuɗin na biyan yaƙin 'yan gurguzu. Sai ka kira shi taimako in ji.

Ɗan Kumasi: Ni Sin ba ta cikin lissafina.

Hajiyar Maraɗi: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan Afganistan.

Tsohon Malami: Abin da ke ci mini rai, sojojin Kyuba sun gama ficewa a 1991, Sobiyat ta rushe, amma 'yan Angola suka ci gaba da kashe juna da kuɗin mai da lu'ulu'u har aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, ga abin da muka tsayar. An tabbatar da cewa Kyuba da Sobiyat sun tsaya wa Angola lokacin da masu wariya suka shigo. Bayan gumurzun Kuwito Kuwanabale, inda sojojin Angola da na Kyuba suka gwabza da na Afirka ta Kudu da UNITA, aka sa hannu a yarjejeniyar Disambar 1988, Namibiya ta sami 'yanci a 1990, Mandela da kansa ya je Kyuba a 1991 ya yi godiya. Saboda haka maganar Ɗan Fagge ta tsaya daram. Batun bashi da Malam Bazazzagi ya kawo bai rushe komai ba. Na Ogaden da Afganistan kuwa ba su ne maudu'inmu ba.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe, su wa suka tabbatar? Ba wanda ya ambaci Namibiya a nan sai kai. Kuma bashin nan ban ji wanda ya musa shi ba.

Hajiyar Maraɗi: Gobe ni zan buɗe na Afganistan, kowa ya zo da hujjarsa.