Me za mu kira abolitionist da Hausa?

Ina shirya wa ɗalibai darasi kan Dokar Gudaddun Bayi ta 1850 a Amurka, sai na maƙale a kan wannan kalma, wato sunan da Turawa ke kiran masu fafutukar kawo ƙarshen mallakar bayi. Jiya na tambaya a nan, kuma na gode da amsoshinku.

Wani malaminmu ya ce "masu 'yanta bayi". Allah gafarta Malam, a wajenmu mai 'yanta bawa ai ubangijin bawan ne, ya sake shi don kaffara ko neman lada, gobe ya sayi wani. Mutanen nan kuwa tsarin ne gaba ɗaya suke so a tumɓuke.

Hajiya ta kawo "masu fansar bayi". Wannan ya fi kusa, amma a dubi Anthony Burns. Bawa ne da ya gudo daga jihar Bajiniya, aka kama shi a Boston a Mayun 1854. Dokar ta hana shi ba da shaida don kare kansa, kuma mai hukunci dala 10 yake karɓa in ya miƙa mutum ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi. Wanda ya ɓoye gudajje kuwa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Duk da haka, da dare jama'a suka ɗauko gungume suna dukan ƙofar kotu don su fito da shi. Ba su yi nasara ba. Ranar 2 ga Yuni sojoji suka sa shi a tsakiya zuwa bakin jirgin ruwa, dubban mutane na ihu, an lulluɓe gidaje da baƙin ƙyalle. Fansar sai shekara mai zuwa aka yi ta, dala 1,300. Mai ɗauke da gungume a ƙofar kotu ba ciniki ya je yi ba. Ko lokacin da abokan Frederick Douglass (shi ma gudajjen bawa ne da ya zama fitaccen abolitionist) a Ingila suka biya kuɗin fansarsa a 1846, wasu daga cikin masu wannan fafutuka sun ƙi amincewa, domin biyan kuɗi amincewa ne cewa mutum haja ne.

Da na so "'yan hana bauta", har na rubuta. Sai ƙanwata ta karanta ta ce, "Yaya, sallah suke hanawa?" Gaskiyarta, bauta a kunnen Bahaushe ta Allah ce tukuna, ga kuma bautar ƙasa.

Don haka na tsaya a kan 'yan kau da bautarwa, tilo ɗan kau da bautarwa. Haka zan sa a allo ranar Litinin.