Tulin duwatsun da karena ke son tonawa arewa da Tabalak, kaburbura ne?

Mushen Tawa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata biyu ce a sarƙe, ɗaya kan kare, ɗaya kan duwatsu.

Ni malamin lakkol ne a nan Tawa, shi ya sa ake ce mini Mushe. Ina da karen farauta irin na Buzaye, ja, dogo, mai shafaffen ciki, wani abokina na Abalak ya ba ni shi tun yana kwikwiyo. Sunansa Barsu. Gadin gida ne aikinsa, amma irin wannan kare in ka kulle shi sai ya lalace, ya yi ta haƙar gindin katanga yana kuka. Shi ya sa in an yi hutu, musamman na Disamba, nakan tafi da shi wajen baffana a wani ƙauye arewa da Tabalak. Da an sallame asuba sai mu hau fako, mu yi ta tafiya har rana ta fara cizo.

A saman fakon nan akwai tulin baƙaƙen duwatsu nan da can. Wani iya gwiwa, wani ya kai mini ƙirji, faɗinsa kamar gindin babban rumbu. Wasu an kewaye su da manyan duwatsu a jere, akwai ɗaya ma da aka ja masa hannu biyu, dama da hagu, ya lanƙwashe. Ba sharar gona ba ce, don babu mai noma a kan wannan tsandauri. A gangaren wurin na ga tsingaro mai ɗige-ɗige a jikinsa, da dutsen niƙa da ya cinye har ya yi kwarmi, da gatarin aradu sumul.

Matsalar ita ce Barsu. Da ya hango tulin nan sai ya bar zomo ya bar komai, ya cusa hanci ya hau tono. Wannan hutun har wani guntun ƙashi ya jawo, fari fat, yana marmashewa. Na ƙwace na mayar cikin ramin na rufe. Baffa ya ce kushewar mutanen farko ce, kada in kusance ta da tsakar rana, daga nan bai ƙara kalma ba.

To masu sani, mene ne waɗannan duwatsu, kuma tun yaushe suke? Sannan in ɗaure karen ne ko in canza hanya gaba ɗaya?

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumus salam. Jikana ka rubuta min wanga, ni ban iya latsa waya ba.

Mushe, ɗana, wanga abu mun san shi tun muna yara muna bin iyayenmu farauta daga Keita har Kao. Kushewa ce, baffanka bai yi ma ƙarya ba. Amma karenka ba mamaci yake shinshina ba. Wanda ya kwanta tun kahin kakan kakanmu, wane wari ya rage mai? Abin da ke raye cikin duwatsun shi yake bi: ɓera, gahiya, damo, bushiya, wani lokaci dila ta haihu ciki. Kuma inda ɓera ya yi gida, kububuwa na kusa. Ni da kaina na rasa karya a irin wurin ga. Ta cusa baki ƙarƙashin dutse, munka ji ta yi ƙara guda, kahin mu kai gida kanta ya kumbura jini na zuba ga dasashi. Ba ta kwana ba. Karyar da ta fi kowace gudu cikin waɗanda na taɓa riƙewa.

Saboda haka ka sa mai igiya tun kana hango tulin, in kun wuce ka sake shi. Igiya mai tsawo, ba ta awaki ba.

Sauran kuma ka riƙa duba tahin ƙahwa nai in kun sauko. Karangiya na shiga tsakanin yatsu, tsidau na huda tahi, shi ko kare ba ya hwaɗi, sai ka ga yana ɗingishi bayan kwana biyu. Ka cire da hannu ka shafa man shanu. Ka ɗauki ruwa nashi daban da ƙoƙo nashi daban. In kun ji ƙarar garke, ka kira shi ka riƙe tun da nisa. Bahillace ko Buzu ba ya tsayawa tambaya in kare ya kori tumaki nai, sanda kawai za ka ji, kuma in an kai gaban hakimi kai ne marar gaskiya. Karnukan ruga su ma ba su son baƙo. Daga watan Afrilu kuwa ka bar wagga tahiya, dutsen na ƙona ƙahwa tun hantsi.

Ɗalibar Tarihi (Yamai):

Baba, Allah ya ƙara girma, bayanin ɓera da kububuwa ya fi abin da za mu iya kawowa daga littafi. Mushe, bari in ɗora kan tambayarka ta farko, don abin da muke karanta ke nan a jami'ar Abdou Moumouni.

Yadda ka siffanta su, kaburbura ne na kafin zuwan Musulunci. Buzaye na ce musu idebnan. Suna nan birjik daga Azawagh zuwa In Gall da duwatsun Ayar har Jado. Wani masani Bafaranshe, François Paris, ya daɗe yana tona irinsu a arewacin Nijar, kuma abin da aka fi samu a ƙarƙashi shi ne mutum ɗaya kwance a gefe, an naɗe masa gwiwoyi zuwa ƙirji, wani lokaci da 'yan duwatsun wuya ko tukunya. Babu zinariya, babu taska. Na faɗi haka ne da gangan, don masu fasa su da dare abin da suke nema ke nan, su watsar da ƙasusuwan bayin Allah a banza.

Shekarunsu ba ɗaya ba ne. Wasu sun haura 4000, wasu kuma an yi su ne dab da lokacin da mutane suka koma binne gawa irin ta Musulunci. Mai lanƙwasassun hannuwan nan da ka gani yana cikin tsofaffin samfura. Amma ido ba ya yanke hukunci, sai an auna ƙashi ko gawayi da awon karbon 14, wato gwajin kimiyya da ke nuna shekarun abu.

Tsingaro da dutsen niƙa kuma alamar mazauni ne, mai yiwuwa ma sun girmi kaburburan. Gatarin aradu ba daga sama ya faɗo ba, hannun mutum ne ya goge shi a kan wani dutse har ya yi kaifi, tun ba a san ƙarfe ba. A wancan zamani, wajen shekara 10,000 zuwa 5000 da suka wuce, ƙasar nan kore ce. Kwarin Azawagh kogi ne mai gudu, yana bi ta Dallol Bosso ya faɗa kogin Isa, wato kogin Neja. A Gobero, cikin hamadar Tenere, tawagar wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ta je neman ƙasusuwan dinozor, dabbobin da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, a 2000 sai ta ci karo da maƙabarta a bakin wani tafki da ya ƙafe, kaburbura wajen 200, ga ƙashin kifi da kada da dorina. A can aka samu wata mata da yara biyu an binne su suna rungume da juna. A Dabous kuma, tsakanin Agadas da Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babbar ta fi mita 5, an kiyasta musu shekara 6000 zuwa 8000. Yau in kana son ganin raƙumin dawa sai ka zo Kure kusa da mu, ko Gadabeji inda aka mayar da wasu a 2018.

Ga abin da zai yi maka daɗi kai mai kare. A Chin Tafidet, yankin In Gall da Tegidda, wani ƙauye ne na makiyaya da masunta na kusan shekara 4000, an tarar an binne shanu, an kuma binne karnuka, a cikin mazaunin da mutane ke binne nasu. Zanen duwatsun Sahara ma cike yake da maharba da karnukansu sun tsare ragon dutse ko jimina. Watau kai da Barsu ba ku ne farkon masu bin wannan fako tare ba. Sai dai hakan bai ba shi izinin tono ba. Duk ramin da ya buɗe, ruwan damina zai bi ta nan ya kwashe abin da ke ciki, kuma ƙashin da ya bar wurin kwanciyarsa ya rasa rabin labarinsa.

Alhaji na Bakin Kasuwa:

Ni dai abin mamaki bai ƙare mini ba. Malami guda, mai koya wa 'ya'yanmu, yana yawo bayan kare kamar Nasara! Ka bar wa yara su kai shi daji mana. Sannan Mushe, ka san halin da arewa take ciki. Ba mu manta da harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021 ba. Mutum shi kaɗai a kan tudu da asuba, yana ɗaukar hoto da waya, ko jami'an tsaro suka gan ka sai ka yi bayani. Ka sanar da maigari duk fitar da za ka yi, kada ka yi nisan da ba a jin kiranka.

Ma'aikacin Dabbobi:

Alhaji, a yi masa afuwa. Kare na gadi da na farauta da na kiwo shari'a ta yarda da su, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha a ciki ce ake wankewa sau 7. Maganar tsaro kuwa gaskiyarka ce, ban da abin ƙarawa.

Mushe, nawa gargaɗin shi ne haukan kare. Tunda yana shiga ramukan da dila ke kwana, kada ka yi wasa da allurar rigakafi, kowace shekara, ka ajiye takardar. In wata dabba ta cije shi a daji, ko ka ga ya canza hali, yana dalala, yana cizon abin da bai saba ba, ɗaure shi nesa da yara ka kira mu. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce likita ranar, ba a jira. Cutar nan in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani. Kaska kuma ka duba cikin kunne da hammata, fakon da garke ke bi ba ya rabuwa da ita.

Mushen Tawa:

Na gode ƙwarai. Baba, igiya ta samu, kuma Allah ya sa jikan nan ya gaje ka. Alhaji, na karɓi ta tsaro hannu biyu, ta yawo kuwa sai haƙuri, likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini, Barsu rakiya yake yi.

Malama, saura ɗaya. Da na ba da labarin gatarin a wajen masu shayi, wani ya bi ni har gida ya ce zai ba ni jikka biyar in na kawo masa, wai yana da mai saye a Yamai. Ban ba shi amsa ba. Kuma ina tunanin kai 'yan ajina su gani da idonsu, tunda a littafi kawai suke jin zamanin dutse.

Ɗalibar Tarihi (Yamai):

Kada ka sayar, kada ma ka nuna masa wurin. Haka aka yi wa Bura, can wajen Tera. An gano wurin a 1975, marigayi Boubé Gado na IRSH, cibiyar bincike ta jami'armu, ya tona shi a 1983, aka samu tulunan binne gawa fiye da 600 da mutum-mutumin mahayin doki na yumɓu, kayan ƙarni na 3 zuwa na 13. Da aka baje su a Faransa a shekarun 1990 sai dillalai suka yi caa, aka bi ƙauyuka ana ba talakawa 'yan kuɗi suna farfasa maƙabartu, kayan suka watsu a kasuwannin Turai ba a san daga wane rami kowanne ya fito ba. Tun 1997 akwai dokar kare kayan tarihi a Nijar, tono ba izini da fitar da su waje laifi ne.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Ka ɗauki hoton kowane abu a inda yake kwance, ka ajiye biro ko takalmi a gefensa don a gane girmansa, ka sa waya ta riƙe maka lambobin wurin. Hoton da lambobin kada su hau Facebook. Ka kai su ofishin al'adu na jihar Tawa, ko ka turo wa sashen binciken kayan tarihi na IRSH ko gidan tarihi na Boubou Hama a nan Yamai. Maigari ma a gaya masa, don shi ne zai ga baƙon da ya zo da diga.

Yara kuwa ka kai su, amma kaɗan-kaɗan, da izinin iyaye da na darakta, kuma ka caje aljihunsu kafin ku sauko, na san halin 'yan lakkol da tsingaro mai zane. Ranar ka bar Barsu a gida wajen baffa, ba za ka iya riƙe igiya kana ƙirga kawuna ba.